Na sayi Ray-Ban dubu 45 amma kaina na sarawa in na saka, ko jabu aka ba ni?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni direba ne, Kano zuwa Abuja nake yi kusan sau uku a sati, kuma hasken rana a kan kwalta yana damun idona sosai musamman da azahar, shi ne na daure na tara kuɗi na sayi tabarau Ray-Ban wanda ake ce wa Aviator a hannun wata mai saida kaya a Instagram, dubu 45, ta rantse min orijinal ne daga Dubai ta kawo. Ya zo da jakarsa da ƙyallen gogewa. To matsalar in na yi awa biyu da shi sai kaina ya fara sarawa, jiya kuma na ga Made in China a cikin hannunsa, wlh hankalina ya tashi. Ta yaya zan gane?

Mai shagon tabarau:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Made in China ɗin nan shi kaɗai ba hujja ba ne, kamfanin Luxottica na Italiya da ya sayi Ray-Ban a 1999 yana da masana'anta a China ma, to akwai na gaske masu wannan rubutun. Abin da ya fi ba ni shakka kuɗin ne, sabon Aviator a kantinsu ya wuce dala 150, kai da kanka ka buga lissafi ka ga ko dubu 45 ta kai. Yanzu ɗauko shi ka duba gilashin hagu, a gefe kusa da hannu akwai RB ƙarami, a na gaske sassaƙa shi aka yi a jikin gilashin, ba fenti ba ne da farce zai kankare. A cikin hannun hagu za ka ga lamba RB3025 da lambar kala da girma kamar 58 da 14, to dole su zo daidai da na jikin kwalin, kuma ka juya shi ka leƙa ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa gilasan biyu, nan ma an buga sunan da girman. Jaka da ƙyalle kuwa kar su ruɗe ka, su ne suka fi sauƙin kwaikwaya.

Wata yar uwa:
Nima haka aka min lokacin Umra, na sayo wa maigida tsaraba, ko wata ɗaya bai yi ba rubutun ya goge tas. Allah ya mayar maka da alheri Malam.

Ma'aikacin asibitin ido:
Malam ni ba sunan ne ya dame ni ba gsky, idonka ne, da shi kake neman abinci kuma rayukan mutane ne a bayanka. Baƙin gilashi yana sa ƙwayar ido ta buɗe, to in gilashin ba ya tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yana cutar da shi, sai ya zama ya fi shiga idon fiye da in ba ka saka komai ba, kuma wannan hasken yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido da naman nan da ke tsirowa a farin ido. Sitikar UV400, wadda ke nuna wai gilashin yana tare wannan hasken, kowa zai iya bugawa ya manna, ka kai shi inda ake yanka gilashin ido masu na'urar gwaji su auna maka, ba ya ɗaukar minti biyu. Ciwon kan kuma gwada wannan: riƙe tabaran nesa da fuskarka, rufe ido ɗaya ka kalli abu miƙaƙƙe kamar gefen ƙofa ta cikinsa, sai ka riƙa motsa shi a hankali sama da ƙasa da gefe, in layin yana lanƙwashewa to gilashin ba shi da kyau, idonka ne ke wahalar gyara hoton. In ka daina sakawa kan bai daina ciwo ba ka zo a auna idon kansa dan Allah.

Wani direba:
Abokin sana'a ka nemi mai polarized, shi ke kashe ƙyallin kwalta. Kalli fuskar waya ko kwamfuta ta cikinsa ka juya shi, in ya yi duhu to shi ne. Kuma ba sai mai suna ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, RB ɗin fenti ne ya fita da farce, lambar kwali daban ta hannu daban, gefen ƙofa kuwa kamar maciji. Na tura wa mai saida kayan hotuna tun ɗazu ta karanta ba ta amsa ba. Likita, na ajiye shi, jibi in na dawo daga Abuja zan je a auna min idon insha Allah.