Django: ina son iyaye su rinƙa shiga da lambar waya amma migrate ya ƙi tafiya

Ɗan Zoo Road:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu Django a taimaka min. Akwai manhajar da na haɗa wa wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano, Django 4.2 ce da PostgreSQL, malamai na shigar da maki suna fitar da sakamako, tana kan aiki yanzu haka kuma cike take da bayanan ɗalibai. To mai makarantar ya ce yana son iyaye ma su rinƙa shiga suna duba sakamakon 'ya'yansu da ragowar kuɗin makaranta, kuma kun san mutanenmu, in ka ce wa baban yaro ya kawo imel ko ya haddace wani yuzanem sai ya ce maka shi dai ga lambarsa nan. Shi ya sa nake son shigar ta koma lambar waya da fasuwod kawai.

Na buɗe sabon af mai suna masu_amfani, na rubuta User nawa da AbstractUser, na ƙara masa waya, na sa AUTH_USER_MODEL a settings.py, makemigrations ya wuce lafiya lau, ina buga migrate sai ga wannan:

```
InconsistentMigrationHistory: Migration admin.0001_initial is applied before its dependency masu_amfani.0001_initial on database 'default'
```

Wani abokina ya ce ko dai in goge databes ɗin in faro daga farko, ko in shiga site-packages in buɗe django/contrib/auth/models.py in ƙara layin wayar a can kai tsaye, wai minti biyu an gama. Na farkon dai ba zai yiwu ba, maki na zango guda ne a ciki. Na biyun kuma zuciyata bata kwanta da shi ba. Meye mafita?

Malam Na Sabon Gari:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace, Django yana yin wannan binciken ne kafin ya taɓa ko da tebur ɗaya, da ya ga tarihin bai daidaita ba sai ya tsaya cak. Cire layin AUTH_USER_MODEL ɗin da kilas ɗin User da ka rubuta, ka goge fayil ɗin 0001 na sabon af ɗin tunda bai shiga databes ba, shikenan ka koma inda kake.

Ma'anar saƙon kuwa ita ce: teburin admin da ke ajiye wanda ya canza kaza da kaza yana da igiya zuwa teburin masu amfani, kuma an riga an gina shi tun ranar farko yana kallon auth_user. Yanzu kai ka zo ka ce ai mai amfani na gaskiya yana wani sabon tebur da ko ginawa ba a yi ba, to ta yaya abin da ya dogara da shi ya riga shi zuwa? Ba admin kaɗai ba, duk inda ka sa ForeignKey zuwa User a naka kod ɗin haka matsalar take. Tun Django 1.5 a 2013 aka buɗe damar mutum ya yi User nasa, kuma takardun Django da kansu sun faɗa ƙarara cewa a farkon aiki ake yi kafin migrate na farko, canzawa a tsakiya wahala ce.

Shawarar abokinka ta biyu wallahi kar ka kusance ta. Site-packages ba naka ba ne, gidan haya ne, duk ɗakin da ka gina a ciki ran da pip ya zo ofdet zai rushe shi ba tare da sallama ba. Kuma ba ya shiga git, wato kwamfutarka na gudu da Django ɗaya sabar na gudu da wani daban, ran da wani ya karɓi aikin daga hannunka zai kwana yana neman inda waya ta fito bai gani ba.

Abin da kake nema ma baya buƙatar sabon User sam. Abu biyu ne. Ka yi ƙaramin tebur, ka ce masa Bayani misali, mai OneToOneField zuwa settings.AUTH_USER_MODEL da filin waya, sannan ka rubuta naka mai tantance shiga:

```
class WayaBackend(ModelBackend):
    def authenticate(self, request, username=None, password=None, **kwargs):
        lamba = gyara_lamba(username)
        try:
            mutum = Bayani.objects.get(waya=lamba).user
        except Bayani.DoesNotExist:
            return None
        if mutum.check_password(password) and self.user_can_authenticate(mutum):
            return mutum
```

Sai ka je settings ka sa AUTHENTICATION_BACKENDS ka jera biyu, ModelBackend na asali da naka. Django zai gwada su ɗaya bayan ɗaya yadda ka jera, wanda ya fara dawo da mutum shi ke nan. Malamai su ci gaba da yuzanem ɗinsu, iyaye su shiga da lamba, fom ɗaya, ba ka taɓa ko tsohon tebur ɗaya ba. Don irin wannan aka bar ƙofar a settings.

Wani abu da zai iya kama ka nan gaba: da zarar sun zama biyu, in ka kira login kai tsaye bayan rijista ba tare da ka bi ta authenticate ba zai jefo maka ValueError, don bai san da wanne zai rubuta zaman ba. Sai ka faɗa masa da backend= a wajen kiran.

Injiniya Mai Gajeren Zance:

Malam da girmamawa, ni ina ganin an tsawaita abin. Filin username yana ɗaukar har harafi 150, yana karɓar lambobi, yana karɓar alamar + ma. Ka zuba lambar wayar a cikinsa kawai, a fom ka canza rubutun ya koma "Lambar waya", an gama. Ba sabon tebur ba sabon kilas. Kod ɗin da baka rubuta ba shi ne baya lalacewa.

'Yar Damagaram:

Sannunku da aiki. Hanyar Injiniya tana tafiya, amma ni tambayata ga mai tambaya ita ce wace lambar? Don ko wace hanya ka bi nan ne rigimar take. Mutum ɗaya yau zai rubuta da sifili a gaba, gobe ya rubuta da +234, jibi ya kwafo daga WhatsApp da sarari a tsakani, a wajen kwamfuta waɗannan mutum uku ne. Dole gyara_lamba ɗin nan da Malam ya rubuta a layi ɗaya ya wuce ta zama aiki na gaske, kuma a kira ta wuri biyu, lokacin ajiyewa da lokacin shiga. Ajiye komai a tsarin E.164, wato + da lambar ƙasa da sauran ba sarari, baya wuce lamba 15. Kuma dan Allah CharField, kar ka ce ai lamba ce ka sa IntegerField, sifilin gaba zai ɓace + ma ba zai shiga ba.

Kar kuma ka rubuta dokar "dole ta kai 11 ta fara da sifili". Mu nan Nijar lambobinmu 8 ne bayan +227, kuma a Kano iyaye nawa ne 'yan kasuwa masu riƙe da layin Maraɗi ko Damagaram? Akwai laburaren phonenumbers wanda aka ɗauko daga libphonenumber na Google, ka ba shi rubutun da ƙasar da zai ɗauka in ba a sa lambar ƙasa ba, shi zai tantance ya mayar. In kana son ya zauna a model kai tsaye akwai django-phonenumber-field da aka gina a kansa.

Inda na fi karkata ga Malam kuwa shi ne lamba ba mutum ba ce. Gida ɗaya waya ɗaya, maigida da uwargida da amarya kowa da 'ya'yanta a makarantar, kowa kuma baya son ɗaya ta ga bashinta. Ko uba mai layi biyu da zai manta da wanne aka yi masa rijista. Ko layin da aka daina amfani da shi kamfani ya sake sayar wa wani. In lambar na tebur nata daban kana da sarari, gobe ka mayar da shi ForeignKey mutum ɗaya ya riƙe lamba biyu, ka ƙara filin an tabbatar ko ba a tabbatar ba. In ka cusa ta a username ka ɗaure kanka da lamba ɗaya tak. Amma ko ta ina, zauna da mai makarantar tukuna ku yanke, asusun na mai wayar ne ko na uwar yaran? Wannan ba Django zai amsa maka ba.

Ɗan Zoo Road:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Malam na cire layin komai ya dawo daidai, na sa WayaBackend na gwada a kwamfutata ya shiga. Hajiya maganarki ta waya ɗaya a gida gaskiya ce, zan samu mai makarantar da ita gobe in sha Allahu.

Saura abu biyu. Makaranta ce za ta raba wa iyaye fasuwod na farko a takarda, ina son duk wanda bai canza nasa ba a hana shi ganin komai sai ya canza, shin sai na bi kowane view na sa sharaɗi? Sannan Malam, in nan gaba dai na matsu sai na koma User nawa, babu hanya ke nan sam?

Malam Na Sabon Gari:

A'a kar ka bi su ɗaya-ɗaya, ran da ka ƙara sabon shafi ka manta shi ke nan ƙofa a buɗe. Aikin MIDDLEWARE ne wannan. Duk buƙatar da ta shigo tana bin jerin nan daga sama zuwa ƙasa kafin ta isa view, amsa kuma ta biyo daga ƙasa zuwa sama, don haka inda ka ajiye naka yana da muhimmanci sosai. Sa shi ƙasan AuthenticationMiddleware, domin shi ne yake maƙala request.user, shi ma kuma sai SessionMiddleware ya riga shi. In ka ɗora naka a sama za ka ga AttributeError wai request bashi da user.

A ciki abu kaɗan ne: in mutum ya shiga, kuma filin da za ka ƙara a Bayani, ka ce masa dole_canji misali, yana True, tura shi shafin canza fasuwod. Amma ka ware shafin canjin kansa da na fita, in ba haka ba zai je shafin a sake tura shi shafin a sake tura shi har burauza ta gaji ta ce turawar ta yi yawa. Ka kuma tuna malamai da admin ba su da Bayani, in ka ce request.user.bayani kai tsaye zai fashe a kansu, duba da hasattr tukuna. In da PasswordChangeView na Django kake amfani shi yana sabunta zaman da kansa, in kuma naka ka rubuta sai ka kira update_session_auth_hash, in ba haka ba mutum na canza fasuwod za a watso shi waje ya ɗauka abin bai yi ba, ya kira makaranta, makaranta ta kira ka.

Tambaya ta biyu, akwai hanya, amma ta hannu ce. Ana yin sabon kilas mai suna User daga AbstractUser ba tare da ƙarin fili ko ɗaya ba, a sa masa db_table ya zama auth_user don ya zauna kan tsohon teburin, a rubuta wa teburin django_migrations da hannu cewa 0001 ɗinsa ya riga ya gudana, a gyara layinsa a django_content_type don izini kar su ɓace, sai bayan nan a fara ƙara filaye. Ka lura da id ma, auth_user na asali AutoField ne, sabbin firojet kuwa tun 3.2 BigAutoField suke zuwa da shi, in basu dace ba wata sabuwar rigima ce. Ana yi, amma sai da pg_dump, wato ajiyayyen kwafin databes, a hannu, a gwada kan kwafi, kuma lokacin hutu ba makon fitar da sakamako ba. Ni dai a naka ban ga abin da zai kai ka can ba.

Injiniya Mai Gajeren Zance:

Toh na sallama kan maganar layi biyu. Amma tunda iyaye za su fara shigowa daga waje, buga python manage.py check --deploy a sabar ka karanta abin da zai faɗa maka, DEBUG ya zama False, SECRET_KEY ya fita daga git. Kuma 4.2 ɗinka ta Afrilun 2023 ce, wa'adin gyaran tsaronta Afrilun 2026, mai dogon wa'adi ta gaba ita ce 5.2 har Afrilun 2028 kuma tana son Python 3.10 zuwa sama, duba wanda ke sabar ɗinka kafin ka taɓa pip.