An tsare autanmu a madadin yayanmu kan kuɗin albasa, mi doka ta ce?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin doka ku taimaka mani. Yayanmu ya karɓi albasa buhu 40 bashi wurin wani Alhaji, ya yi Kudu da ita, mota ta lalace a hanya, kusan rabi ta ruɓe. Ya biya abin da ya samu, saura na nan. Shekaranjiya bayan la'asar 'yan sanda sunka zo gida nemansa, ba su iske shi ba, sai sunka tafi da autanmu, ɗan shekara 19 da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yana wankin babur ƙofar gida, ko takalmi bai sa ba. Sun ce sai yaya ya kawo kansa. Jiya na kai mashi tuwo caji ofis, sai da na ɗanɗana kafin a miƙa ta bayan kanta. Yau kuma an ce mu zo da kuɗin beli. Inna ko ruwa ba ta iya sha. Wanga abu daidai ne?

Lauya daga Arkilla:
Wa alaikumus salam. Allah shi kyauta. Ba daidai ba ne, ta fuska uku ma.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 36, ta hana a kama mutum a madadin wanda ake zargi, ko ɗansa ne ko matarsa. Sashe na 32 kuma ya hana kamu kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Sannan tsarin mulki na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu ko wa'adin da kotu ta ga ya dace. A cikin garin Sakkwato wa zai ce kotu ta yi nisa? Laifin da hukuncinsa kisa ne kawai aka ware daga wannan ƙa'ida ta kai wa gaban alƙali, albasa kuwa ba ta kai can ba.

Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Gobe da safe ka nemi ganin DPO da kanka, cikin ladabi, da lauya in da hali. In ba hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. In an ƙi sakinsa, sashe na 46 na tsarin mulki ya ba ku damar zuwa Babbar Kotu, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

Ɗan kasuwar Kara:
Barista, duk mun ji. To shi Alhajin fa, dukiyarsa ta tafi a banza ke nan? Ni an ci mani kuɗin shanu biyu, shekara guda ina zaryar kotu. Abin da ke sa mutane gudu wurin 'yan sanda ke nan. Amma kama yaron kam zalunci ne, ko a addini ba mai ɗaukar laifin wani. Ni dai shawarata ku nemi shugaban 'yan albasa da mai unguwa a zauna.

Lauya daga Arkilla:
Ɗan kasuwa, haƙƙin Alhajin na nan daram, ƙofar ce ya ɓata. Ƙarar bashi daban, ƙarar laifi daban. A ta bashi shi da kansa zai kai yayan kotu, ko ta shari'ar Musulunci, alƙali ya sa a biya shi. A ta laifi hukuma ce ke tuhuma, kuma ita za ta kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba, don sashe na 36(5) na tsarin mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai kotu ta tabbatar.

Sai dai Ɗan Mabera, kar in yi maka daɗin baki. In an nuna tun farko yayanku ya karɓi kayan da niyyar ba zai biya ba, wannan zamba ce. In kuma ba sayar masa aka yi ba, ba shi aka yi ya sayar ya kawo kuɗi sai ya cinye, cin amana ne. Duka biyun laifi ne a kundin Penal Code, kuma niyya ake dubawa. Don haka ya adana shaidar kuɗin da ya tura, lambar direban, da hoton ruɓaɓɓiyar albasar in ya ɗauka. Ya daina ɓuya, ɓuyar ce ke sa a yi masa kallon mai laifi.

Maman Ɗiya, Runjin Sambo:
Ɗana, ka ja kunnen yaron kada ya sa hannu ko dangwale kan takardar da aka rubuta da Turanci bai san abin da ke ciki ba. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya. Namu haka ya dangwala don a bar shi ya kwana gida, sai a kotu munka ji an karanta wai ya amsa laifi.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Na samu yaya a waya, ya ce hotunan na nan, kuma zai hawo mota daren yau. Barista, na tura maka saƙo, ƙarfe nawa DPO ke shigowa ofis?