Fita daga da'ira a kokawar yara: yaushe ake ba da maki?

Koci_Sabo:
Assalamu alaikum. Masana, a warware mini wannan. Yaran da suka taso da kokawar gargajiya a kan yashi, idan aka sa su a katifa irin ta gasar duniya, sai ka ga ana ta ba abokin karawarsu maki ɗaya-ɗaya ba tare da an kayar da su ba. Wai sun fita. Ina ne iyakar, kuma me ke sa wata fitar ta ci maki, wata ba ta ci?

Alkalin_Fili:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. A dokar hukumar kokawa ta duniya, UWW, da'irar da ake fafatawa a ciki faɗinta mita 9 ne. Mita 7 na tsakiya su ne ainihin fili, sai zobe mai ruwan goro, mai faɗin mita 1, ya kewaye shi. Bayan zoben akwai gefen kariya na mita 1.5. Ruwan goron nan ciki ne, ba waje ba, kuma nan yara suka fi rikicewa. Idan ka ji alƙali ya kira ja ko shuɗi, wato launin kayan ɗan kokawa, yana cewa "zon", jan kunne ne a koma tsakiya.

A tsaye, wanda tafin ƙafarsa ɗaya ya sauka gaba ɗaya a gefen kariya shi ya fita, abokinsa ya samu maki 1, a dawo tsakiya. Idan diddige ne kawai ya leƙa, yatsu na kan ruwan goro, wasa na ci gaba.

Amma kamun da aka fara a ciki ya ƙare a waje yana ci. Ko mai kai harin ne ya fara taka waje, in ya kammala kayen a tafi ɗaya, makinsa na nan. In kamun ya suɓuce masa, abokinsa ne ke samun maki 1. In kuwa ya ɗaga yaro sama sosai ya kasa ƙarasawa, a tsayar, babu maki ga kowa. Sabon kamu ko ramuwa a gefen kariya ba ya ci, haka ma danne kafaɗu a can ba ya kawo ƙarshen wasa.

Maman_Zinder:
Ƙari kan bayanin Alkalin_Fili. A ƙasa lissafin daban ne: kai ake dubawa, in kan wanda ke ƙasa ya fita gaba ɗaya a busa usur, kuma babu makin fita. Sai dai in gudu ya yi da gangan, to gargaɗi ne da maki ga abokinsa. Gargaɗi uku, an sallame shi.

Turawa da miƙaƙƙun hannuwa kuma ba ta ci. Sai an ga kamu na gaske ne ya kai shi waje.

Alkalin_Fili:
Haka ne. Malam Sabo, matsalar yaranka daga yashi ta samo asali: can ja da baya hutu ne, in an kai ga buhunan da suka kewaye fili alƙali ya dawo da su. A katifa kuwa 'yan ƙasa da 15 da 'yan ƙasa da 17 zagaye biyu suke yi na minti 2, da hutun daƙiƙa 30, don haka makin fita uku zai iya sa yaro ya yi rashin nasara.

Ka zana da'irar mita 7 da ta mita 9 da alli. Ka tsayar da yaro a cikin zoben, bayansa na waje, abokinsa na matsa masa daƙiƙa 20. Aikin na cikin zoben ya sauke ƙugu, ya zura hannu ƙarƙashin hammata, ya zagaya gefe har su musanya wuri. Miƙewa tsaye da kallon ƙasa don neman layi su ke fitar da su. Shi kuma mai matsawa kada ya saki don ya ga ƙafa ta fita, ya ci gaba har ya ji usur.

Dan_Agege:
A kula da bidiyon makarantun Amurka da yara ke kallo a YouTube. Salonsu daban ne, fita kawai ba ta ba da maki a can. Kada su ɗauko wannan su shiga gasar matasa da shi.