A ba ni littafin tsohon aure, mai ban dariya

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a ba ni shawarar littafin da zan karanta a hutun nan. Na gaji da labarin budurwa da saurayi mai mota. Na aure nake so, auren da ya daɗe har ya fara tsami, amma a sa ni dariya.

Anti Luba Mabera: Wa alaikumus salam. Ki biyo wanda wata 'yar zauren nan ke saki kullum bayan isha'i. Ba ta raɗa masa suna ba tukuna, "na Alhaji da Hajiya" muke ce masa. Alhaji tsohon ma'aikaci ne mai jiran fansho. Shekara 31 da aurensu, amma shekara biyu ke nan ba su magana sai ta bakin jikarsu, "ki ce wa kakanki tuwo ya huce". Rannan wani yaro ya haura katanga sata, maƙwabta suka zagaye gidan, shi kuwa don tsoro ya kulle kansa da su biyun a ɗakin hatsi, ya ce garkuwa ya yi da su. Kwana uku suna ciki, ga zafin watan Afrilu.

Maman Hanif: Garkuwa kuma, Anti? Anya?

Malam Sani Runjin Sambo: Nan na tsaya ni ma. Wagga kalma ba ta wasa ce ba ga mutanen gabashin Sakkwato. Ku tambayi 'yan Isa da Sabon Birni da Rabah. Har yau ba mu manta abin da anka yi wa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a 2024 ba, da 'yan bindiga sunka yi garkuwa da shi har sunka kashe shi. Akwai gidajen da sunka sai da gona da shanu, kuma nasu bai dawo ba. Mi za a yi wa dariya?

Anti Luba Mabera: Gaskiyarka Malam, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni ma da ɗar-ɗar na fara. Amma babu daji a ciki, babu bindiga, yaron ma da taɓaryar gidan yake tsaronsu. Kuma marubuciyar ba ta taɓa mayar da tsoro abin wasa ba. Dariyar duk a kan su biyun take. Da yaron ya ce kowa ya faɗi kuɗin fansar ɗan'uwansa, Hajiya ta ce ita ko sisi ba ta da shi, sadakinta ma da saura a kansa. Alhaji ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu ya hau karanto kuɗin cefane tun na zamanin Shagari. Yaron ya rasa ta cewa, ya koma ba su haƙuri.

Hajiya Inno: Ni shafi na 22 ya kama ni. Daren na biyu hawan jinin Alhaji ya tashi, maganin yana waje. Sai ga Hajiya ta kwance bakin zane, ashe kullum da ƙwayoyinsa a ƙulle a jikinta, duk tsawon gabar nan. Shekarata 28 a ɗaki, na san wannan. Ka yi fushi da mutum har ka ƙi kallonsa, amma ka san lokacin maganinsa fiye da shi. Ajiye wayar na yi, sai da safe na ci gaba. Kuma marubuciyar ta taɓo abin da ba a cika rubutawa ba: mutuwar ɗansu na fari, da kowannensu ya haɗiye shi kaɗai don alkunya, ita ce tushen gabar.

Bashir na Jami'a: Abin da ya burge ni yadda suka koma kare yaron, har Hajiya tana roƙon maƙwabta ta taga kar a dake shi. Ya tuna mini fashin bankin Stockholm a Siwidin, Agustan 1973, inda aka tsare ma'aikata huɗu kwana shida, suka fito suna tausaya wa waɗanda suka tsare su. Aibinsa ɗaya, tsakiyar ta yi jan rai. Labarin ɗan sandan unguwa bai ƙara komai ba, ina tsallake shi.

Malam Sani Runjin Sambo: To na ji. Amma don Allah kar a tura ma wanda abin ya taɓa shafa kai tsaye. Maman Hanif, in zancen aure kike so ba sassauci, ki haɗa da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Ba na dariya ba ne, amma ya faɗi gaskiyar gida.

Hajiya Inno: Ina da shi, ya tsufa amma shafukan sun cika. Ki aiko yaro unguwar Gawon Nama ya karɓa, da sharaɗin ya dawo.

Maman Hanif: Na gode Hajiya, gobe bayan la'asar in sha Allahu. Anti Luba, sun shirya a ƙarshe? Ta kira sunansa?

Anti Luba Mabera: Shafi na 40 muke, ƙofar ma ba a buɗe ba. Zan haɗa ki da marubuciyar ki biya ta saka ki. Kar kowa ya tura mata kwafi, haƙƙin yarinyar ne, da kuɗin take biyan makaranta.