Neman shawara: Camry ƙirar 2005 mai shan ruwan lagireto, in saya ko in haƙura?

Abu Khadija, Daura:
Assalamu alaikum. Wani dillali ya kawo mini Camry ƙirar 2005 mai silinda huɗu a kan naira miliyan 3 da dubu 600. Mai motar bai ɓoye mini ba cewa ruwan lagireto yana raguwa, ya ce gaskit ɗin kan injin ne kawai, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, kuma don haka ya sauke kuɗin. Da na duba da kaina na ga danshi a bayan injin ta ɓangaren gilas, sannan a ƙarƙashin murfin da ake zuba baƙin mai akwai wani farin kumfa mai kama da madara, amma salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa gyaran irin wannan su faɗa mini abin da zai ci, domin dillalin ya ba ni zuwa Juma'a.

Direban Kongolam:
Wa alaikumus salam, Malam. Da za ka ji tawa, da ka nemi Fijo 406, domin babu garejin da za ka shiga daga nan har Zinder ka rasa wanda ya san cikinta. Gaskit kuwa, da kaya da kuɗin hannu bai wuce dubu 60 ba.

Tsohon Ma'aikaci, Ƙofar Kaura:
Ɗana, ka gudu. Ni ma da kalmar "gaskit ne kawai" aka sayar mini da mota. Na kai ta wani gareji a nan cikin Katsina, aka kwance kan injin, aka sa sabon gaskit, na biya dubu 150. Bakaniken ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, ya jefar a gabana, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce ai ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. A cikin zafin Afrilu na ɗauki iyali za mu biki Kano ta hanyar Daura, muna dab da Kazaure allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga bonet. Da na zaro sandar awon mai, abin da ke jikinta ya koma kamar kunun gyaɗa. Mata da yara suka yini a gindin bishiya, bikin da ba mu halarta ba ke nan. Da na koma wurin bakaniken sai ya ce ni ne na bar ta ta ɗauki zafi. Aka sake buɗewa, aka ce kan injin ya lanƙwashe, aka kai wurin masu gogewa, bayan ɗan lokaci ruwa ya koma raguwa. Daga ƙarshe sai da na sayar da fulotina na sayi injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa, kuma har yau in na ga bakaniken a masallaci sai in sauya sahu.

Injiniya Abba:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma a dawo kan abin da Malam ya gani. Injin Camry na 2002 zuwa 2006 mai lita 2.4 shi ne 2AZ-FE, kuma bulok ɗinsa, wato gangar jikin injin, na alminiyam ne. An san shi da cewa zaren ramukan da kusoshin kan injin ke shiga, musamman na baya, yakan cinye, sai kusar ta daina riƙo, ruwa ya riƙa tsatsa daidai inda Malam ya ga danshi. In haka ne, sabon gaskit kaɗai ba zai yi magani ba, sai an huda ramukan an dasa sabon zare na ƙarfe, sannan a ɗaure da sifana mai awo bisa jerin da kamfani ya tsara. Farin kumfan murfi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin motar da ke gajerun tafiye-tafiye a hunturu takan yi shi. Malam, ka buɗe murfin lagireto da safe injin yana sanyi, ka tayar da motar, in ka ga kumfa yana tasowa ba ƙaƙƙautawa to iskar silinda tana shiga ruwa. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi.

Usta na Ƙofar Ƙwaya:
Injiniya, da girmamawa, wannan karatun intanet ne. Tun ina yaron gareji nake ɗaure kan inji da hannu, kuma masu motocin suna nan da ransu. Tamostat ɗin da kuke karewa, idan ya maƙale a rufe shi ne yake ƙona gaskit, kuma na kasuwa yawancinsa ba ya daɗewa. Malam ya kawo ta, dubu 90 zan gama masa komai.

Injiniya Abba:
Usta, wanda ya maƙale canza shi ake yi da mai kyau. Injin da aka cire masa tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan fetur. Kuma ruwan rijiyar burtsatse da ake ɗurawa a lagireto yana barin daskararren gishiri da tsatsa da ke toshe hanyoyin ruwa.

Ɗan Baba Mai Keke:
Ni dai kekena bai taɓa ƙona gaskit ba, kuma ruwan da yake sha ni nake shanye shi. Malam, in ka fasa Camry akwai Phoenix ta sayarwa.

Tsohon Ma'aikaci, Ƙofar Kaura:
Dubu 90 ɗin nan irin ta aka fara faɗa mini. Wanda ya ce 60 kuma ya faɗi shekarar da ya yi nasa gyaran.

Abu Khadija, Daura:
Na gode ƙwarai. Injiniya, akwai wanda yake dasa wannan zaren a Katsina, ko sai Kano? Kuma nawa zan nemi a rage mini?

Hajiya Maman Ummi:
Kafin a amsa maka, Malam, ku maza kuna ta gardamar gaskit alhali baƙin man da ake juye mana shi ne babbar masifa. Na sayi galan a rufe da hatiminsa, ba a jima ba fitilar mai ta fara ƙiftawa, da aka kwance murfin saman injin sai ga daskararren baƙin datti ya lulluɓe ko'ina. An ce mini akwai masu tara galan ɗin da aka juye su sake cikawa.

Direban Kongolam:
Gaskiya ne, Hajiya. Shi ya sa duk lokacin da aka yi mini juye nake huda galan ɗin da wuƙa kafin in bar wurin, yaran gareji suna ta harara. Filtar mai ma haka take, kwali iri ɗaya, farashi uku.

Usta na Ƙofar Ƙwaya:
To ku kuke zuwa da man a hannunku, kun saya inda ya fi araha, in injin ya buga kuma a ce bakanike ne. Hajiya, a wane shago kika sayi naki, kuma kin karɓi rasit?