Neman shawara: ƙanena ya samu tayin jami'o'i biyu a Amurka, amma rikicin rukunan gasarsu ya ɗaure min kai

Abu Fatima (Kaduna):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda ke zaune a Amurka, musamman masu bibiyar wasannin jami'o'i. Ƙanena ɗan ƙwallon ƙafa ne, yana buga tsakiya, kuma yana shekarar ƙarshe a wata sakandaren kwana a can bisa tallafin karatu. Tun rasuwar mahaifinmu ni ke tsaye a kan al'amuransa, don haka maganar ta dawo kaina.

Jami'o'i biyu sun neme shi. Ta farko babba ce, tana gaɓar tekun yamma, a da tana rukunin Pac-12, yanzu ta koma Big Ten. Sun ce za su biya rabin kuɗin karatu, sauran mu nemo. Ta biyu ƙarama ce a gabashin ƙasar, rukuninta ba a cika jin sunansa ba, amma za su ɗauke komai har ɗaki da abinci. Yaro ya kafe a kan babbar, ya ce can ne ake ganin ɗan wasa. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne na ji an ce Pac-12 ɗin nan watsewa ya yi cikin ɗan lokaci. In rukuni mai tsohon tarihi zai iya rushewa haka, me zai hana a sake wani sauyin yaro yana tsakiyar karatu? Kuma in an sake, tallafinsa zai taɓu? Don Allah a fahimtar da ni.

Malam Sani (Columbus):
Wa alaikumus salam Abu Fatima. Allah ya jiƙan mahaifinku. Bari in fara da tushen abin, domin in ka gane shi rabin damuwarka za ta ragu, sauran rabin kuma za ta koma inda ya dace.

Ba ƙwallon ƙafa irin tamu ce ke juya waɗannan rukunai ba. Zari-ruga irin ta Amurka ce, da kuɗin da gidajen talabijin ke biya don nuna ta. Tun 1984 kotun ƙolin Amurka ta karɓe ikon cinikin nuna wasannin zari-ruga daga hannun hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ya koma hannun jami'o'i da rukunansu. Daga nan kowane rukuni ya shiga neman jami'o'in da ke tara 'yan kallo, don farashinsa ya tashi a wurin 'yan talabijin.

A 2021 jami'o'in Texas da Oklahoma suka ce za su bar rukunin Big 12 su koma rukunin SEC. A ƙarshen watan Yunin 2022 USC da UCLA, duka biyun a Los Angeles, suka ce sun tafi Big Ten. Ba a jima ba Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da Fox da CBS da NBC, ta sama da dala biliyan 7. Pac-12 kuwa ta kasa samun ciniki mai gwaɓi bayan ta rasa Los Angeles. A 2023 sai aka yi ta zarewa: Colorado ta fara tafiya Big 12, ranar 4 ga Agusta Oregon da Washington suka nufi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado, sannan Stanford da California suka shiga rukunin ACC tare da jami'ar SMU ta Dallas. Aka bar Oregon State da Washington State su biyu rak, a rukunin da asalinsa ya faro tun 1915.

Amsar tambayarka ta farko: Big Ten ba ta cikin masu fargabar rushewa. Ita da SEC su ne masu haɗiye wasu. In akwai mai tangal-tangal a cikin manyan, ACC ce, wadda Florida State da Clemson suka kai ƙara kotu suna neman hanyar fita kafin a sasanta a 2025. Abin dubawa a wurinka ba rushewa ba ce, tafiye-tafiye ne.

Maman Khalid (Maryland):
Malam Sani ya taɓo inda nake son magana. Yaya Abu Fatima, ka ɗauki taswira ka duba. Big Ten yanzu jami'o'i 18 ne, daga Los Angeles da Seattle har New Jersey da nan Maryland. Daga Los Angeles zuwa New Jersey kusan kilomita 4,000 ne, ya fi nisan Kano zuwa Jidda, kuma akwai bambancin awa 3 a agogo. 'Yan zari-ruga ba su cika jin jiki ba, sau ɗaya suke wasa a mako, galibi ranar Asabar, kuma jirgi na musamman ake ɗaukar musu haya. 'Yan ƙwallon ƙafa da ƙwallon raga da sauransu su ne ke wasa har a tsakiyar mako. Kakar ƙwallon ƙafa a matse take, daga Agusta zuwa Nuwamba, daidai zangon farko na karatu. Yaro sabon shiga, bai gama gane tsarin jami'a ba, sai ya dinga ƙetare ƙasa yana dawowa da gajiya da jarrabawa a gabansa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi 'ya'yanmu kaɗai, wanda iyaye da yawa ba sa lura da shi. 'Yan wasa 'yan ƙasa sukan cike jadawalinsu da darussan intanet don su samu sauƙin tafiya. Wanda ke kan bizar ɗalibi ta F-1 ba shi da wannan damar. Dole ya ɗauki cikakken nauyin darussa kowane zango, kuma darasi ɗaya tak na intanet ake ƙirga masa a ciki. Sauran sai ya zauna a aji. In ya yi sakaci makinsa ya faɗi, wasan ma za a hana shi, bizar kuma ta shiga haɗari. Ni uwa ce, wannan ya fi tsaya min a rai fiye da sunan rukuni.

Baba Ali (Kumasi):
Hajiya, na ji maganarki kuma gaskiya ce, amma kada mu tsorata yaro har ya bar damar da ba ta zuwa sau biyu. Mu a nan Ghana mun ga misali. Abu Danladi ya fito daga makarantar Right to Dream, ya yi UCLA, kuma a 2017 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Amurka, Minnesota United ta ɗauke shi. Babbar jami'a tana da filin atisaye mai kyau, likitoci, masu kula da abincin 'yan wasa, malamai masu taimaka musu a karatu. Kuma duk mako da ƙwararru kake karawa. Ga takardar digirin kanta tana da nauyi ko an bar ƙwallo. In dangi za su iya haɗa rabin kuɗin, ni babbar zan zaɓa.

Malam Sani (Columbus):
Baba Ali, a zari-ruga da na yarda da kai ba musu. A ƙwallon ƙafa ta maza lissafin daban ne. SEC da Big 12, duk kuɗinsu, ba sa ma shirya gasar ƙwallon ƙafa ta maza. Jami'ar Marshall ta West Virginia ta ci kofin ƙasa na kakar 2020, ta doke Indiana ta Big Ten a wasan ƙarshe. A 2024 Vermont ta ɗauka, daga ƙaramin rukunin America East. Ƙungiyoyi 48 ke shiga gasar ƙasa, kuma zakaran kowane rukuni yana da gurbinsa. Masu farautar 'yan wasa suna kallon bidiyon kowa. Abin da ba za su iya kalla ba shi ne yaron da ya shekara biyu a benci. Ko a guje-guje, Tobi Amusan daga UTEP ta jihar Texas ta fito, jami'ar da ba ta cikin manyan rukunai, ta zo ta kafa tarihin duniya a 2022.

Sannan lokacin Abu Danladi, UCLA da maƙwabtanta na yamma take wasa. Wannan zamanin ya wuce.

Dakta Bashir (Houston):
Ni a jami'a nake koyarwa, bari in yi magana a kan kuɗi, don a nan ne nake ganin iyalai suna shiga matsala.

Alhaji Abu Fatima, "rabin kuɗi" a babbar jami'a ga ɗalibin ƙasar waje ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan waje yana biyan farashi mafi tsada, ga haya a biranen yamma, ga inshorar lafiya. Ka nemi cikakken lissafin kuɗin shekara a rubuce, ka cire tallafin, ka ninka ragowar sau 4, sannan ka mayar da shi naira. Kafin a ba shi takardar I-20 ma, wadda jami'a ke bayarwa don bizar ɗalibi, sai kun nuna shaidar kuna da kuɗin da ya rage na shekarar farko.

Wani zai ce maka ai yanzu ana biyan 'yan wasan jami'a, zai cike giɓin da kansa. Kada ka gina lissafi a kan wannan. Gaskiya ne tun 1 ga Yulin 2021 an ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. Gaskiya ne kuma a watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Amma kaso mafi tsoka 'yan zari-ruga da ƙwallon kwando ke kwashewa. Na biyu, bizar F-1 ta taƙaita aikin da ɗalibi zai yi a biya shi a cikin Amurka, don haka irin wannan kuɗin yana iya jawo masa matsala. Kada ya sa hannu a kowace takarda ta talla sai ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar.

Sulhun nan ya kawo wani sauyi da ya shafe ku kai tsaye. A da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza tana da tallafi 9.9 ne kacal da koci zai yayyanka wa yara, shi ya sa rabi da kwata suka yi yawa. Yanzu a jami'o'in da ke ƙarƙashin sulhun, har da duk na Big Ten, an cire wannan iyakar, aka sa iyakar yawan 'yan wasa, mutum 28. Ma'ana jami'a tana iya ba shi cikakken tallafi in ta ga dama. Don haka rabin da suka ce ba doka ce ta ɗaure su ba, darajar da suka ba shi ke nan a kasafinsu. Ku gaya musu a fili cewa kuna da cikakken tayi a hannu. In suna son sa da gaske za su ƙara.

Abu Fatima (Kaduna):
Dakta na gode ƙwarai, wannan bayanin na 9.9 da 28 ban taɓa jin sa ba. To tambayata ta biyu fa? In ƙaramar jami'ar ta canza rukuni, ko kocin da ya kawo shi ya tafi, tallafin yana nan?

Dakta Bashir (Houston):
Tallafin tsakaninsa da jami'a ne, ba da rukuni ba, ba kuma da koci ba. Canza rukuni shi kaɗai ba ya soke shi. Tun watan Agustan 2024 dokar NCAA ta hana jami'o'in mataki na ɗaya, wato matakin gasa mafi girma, rage ko soke tallafin ɗan wasa don ya ji rauni ko don bai taka rawar da ake so ba. Amma sabon koci yana iya ajiye shi a benci har ya gaji da kansa. Kuma jami'ar da kuɗi ya yanke mata tana iya rufe wasan ɗungurungum. Ko Stanford, duk arzikinta, a 2020 ta sanar za ta rufe wasanni 11, sai da aka yi ta matsa lamba ta janye a 2021. Don haka ku tambayi ƙaramar jami'ar a rubuce: in an rufe ƙungiyar, za a ci gaba da biya masa har ya gama digiri? Ku tambaya kuma ko takardar ta shekara 4 ce ko ta shekara ɗaya da ake sabuntawa.

Abban Yusra (Seattle):
Ni a yamma nake, kuma zan faɗi abin da ke raina. Abin da aka yi wa Pac-12 ya ɓata wa mutane da yawa rai a nan. Washington da Washington State jiha ɗaya suke, sun fi shekara 100 suna karawa, yanzu rukuninsu daban. Ba a tambayi ɗalibai ba, ba a tambayi 'yan ƙwallon raga ko masu ninƙaya ba. Ana sake gina Pac-12 ɗin da su Boise State da San Diego State da Fresno State daga 2026, su kuma an zaro su ne daga rukunin Mountain West, ita ma ta je ta zaro UTEP. Haka abin ke gangarowa har kan ƙananan rukunai, don haka kada a ɗauka ƙaramar jami'a ta tsira. Ka tambaye su ko rukuninsu ya yi asarar jami'o'i a 'yan shekarun nan.

Abu ɗaya zan ƙara wa maganar Baba Ali da Malam Sani. Ƙofar ba ta rufuwa. Tun 2024 ɗan wasa mai maki mai kyau yana iya sauya jami'a ya fara wasa nan take. Yaro da ya haska shekara biyu a ƙaramar jami'a, manyan da kansu za su zo nemansa, kuma a lokacin shi zai faɗi sharaɗi. Wanda ya fara daga sama da bashi a wuyan yayansa, in abin bai yi ba, saukowa yake yi da bashin.

Maman Khalid (Maryland):
Kuma Yaya, kada ka yanke hukunci kai kaɗai ka aika masa. Yaron nan shi ya yi zufar da ta kawo tayin. Ka zaunar da shi ta waya ku buɗe jadawalin wasannin bara na jami'o'in biyu, ku ƙirga sau nawa aka kwana a waje da ranakun aji nawa aka rasa. Ya nemi lambar wani ɗan Afirka da ke cikin kowace ƙungiya ya tambaye shi ba a gaban koci ba. Ya tambaya har da masallaci da inda ake samun abincin halal. In ya gani da idonsa ba sai ka yi masa dole ba.

Abu Fatima (Kaduna):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi lissafin da Dakta ya ce, ragowar kuɗin babbar jami'ar ya fi ƙarfinmu ko an haɗa da 'yan uwa, sai dai a sayar da filin gado, kuma ba zan taɓa haƙƙin ƙannena mata ba. Mun yi magana da yaron daren jiya. Zai rubuta wa kocin babbar ya sanar da shi cikakken tayin da ke hannunsa, mu ga ko za su ƙara kafin ƙarshen wata. Ƙaramar kuma na tura musu tambayoyi uku: tsawon takardar tallafin, abin da zai faru in an rufe ƙungiyar, da halin da rukuninsu ke ciki. Dakta, in amsarsu ta iso zan turo maka ita ta akwatinka ka duba min kafin ya sa hannu.