Wai su Kosakawa Rashawa ne ko 'yan Yukren, kuma daga ina suka fito?

Bakatsine_92:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana tarihi na wannan zauren ina da tambaya. Tun da aka fara yaƙin nan na Rasha da Yukren nake ta cin karo da sunan wasu mutane wai su Kosak, masu hular gashi da takobi da dawakai, kuma abin da ya ɗaure min kai shine kowane ɓangare cewa yake nasa ne. In ka saurari 'yan Yukren sai kaji suna cewa su jikokin Kosakawa ne, har a taken ƙasarsu ma akwai maganar, in kuma ka leƙa ɓangaren Rasha sai kaga akwai rundunonin Kosakawa da ke yaƙi ƙarƙashin tutar Rasha a kan ita Yukren ɗin. To wai su ɗin ƙabila ce mai yarenta kamar yadda muka san ƙabila, ko kuwa aikin soja ne da ya zama gado? Sannan shin su ne mutanen Kazakistan, don naga sunan ya yi kama sosai. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malamin_Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ta ƙarshen don ita tafi sauƙi, ba su ne mutanen Kazakistan ba. Sunan dai tushensa ɗaya ne daga harsunan Turkawa, ana faɗinsa ga mutumin da ya ɓalle daga hannun sarki yana cin gashin kansa, amma Kazakawa Musulmi ne makiyaya da suka kafa masarautarsu a ƙarni na 15, su kuwa Kosakawa mafi yawansu Kiristocin Otodoks ne masu magana da yaren Rasha ko na Yukren. Hasali ma da Kosakawan sarakunan Rasha suka yi amfani wajen mamaye ƙasar Kazakawa.

Asalinsu kuwa sai ka fara gane ƙasar tukuna. Arewa da Bahar Aswad akwai wani makeken fili na ciyawa wanda a ƙarni na 15 da na 16 babu sarkin da hannunsa ya kai can da gaske. Ta yamma akwai Polan da Lituwaniya, ta arewa akwai Mosko, ta kudu kuma Tatarawan Kirimiya waɗanda kusan duk shekara sai sun fito harin kamun bayi su kai kasuwar Kaffa su sayar. Ƙasa ce mai albarka, ga kifi ga namun daji ga zuma ga gishiri, amma wanda ba shi da makami ba zai kwana a cikinta ba. A daidai lokacin kuma can cikin ƙasashen sarakuna ana ta ɗaure talaka da gonar ubangidansa, ba shi da ikon tashi ya koma wani wuri, shi da 'ya'yansa har jikoki. To wanda wuya ta yi wa yawa sai ya gudu ya faɗa wannan filin. Manomin da ya tsere, wanda bashi ya yi wa katutu, ɗan sarautar da ya talauce, masunci, mafarauci, har da Tatarawan da suka yi wa nasu sarkin tawaye, duk a nan suka haɗu. Kosakawan farko da suka fito a rubuce ma da yawansu Tatarawa ne, daga baya ne masu gudu daga ƙasashen Kirista suka rinjaye su. An ambaci Kosakawa a yankin Ryazan a 1444, sannan a 1492 sarkin Kirimiya Mengli Giray ya kai ƙara wajen sarkin Lituwaniya cewa mutanen Kiyef da Cherkasy sun far wa jirgin ruwan mutanensa a kogin Dinipro.

Manyan rukunoni biyu suka fito. Ɗaya a ƙasan duwatsun da ke tsakiyar kogin Dinipro inda jirgi baya iya wucewa, su ne na Zaporozhiya, sansaninsu ana ce masa Sich kuma mace bata shiga. Ɗaya kuma a bakin kogin Don. Dukkansu taro suke yi su zaɓi shugaba, in bai yi musu ba su tuɓe shi, kuma na Don suna da wata doka da suke alfahari da ita cewa duk wanda ya iso Don ba a mayar da shi ga ubangidansa.

Akwai masu cewa daga wata tsohuwar al'umma suka fito, misali takardar tsarin mulki da Pylyp Orlyk ya rubuta a 1710 ta danganta su da Hazarawa. Ni dai abin da na gamsu da shi shine manyansu ne bayan sun samu mulki da dukiya suka nemi asali mai daraja da zasu tsaya da shi gaban sarakuna. Farkon abin ba jini bane, mafaka ce da salon rayuwa.

Yar_Gusau:
Malam Allah ya ƙara basira, amma ina ganin bayanin ya ɗan rage wa 'yan Yukren ƙarfin hujjarsu. Ni a birnin Zaporozhiya na yi karatun likita kafin yaƙi ya tashe mu, kuma wallahi in baka zauna cikinsu ba ba zaka gane yadda abin nan yake a zuciyarsu ba. A tsakiyar kogin akwai tsibirin Khortytsia inda suka sake gina irin sansanin Sich da katako, 'yan makaranta ake ta kaiwa. Kuɗinsu ma in ka duba, hryvnia 5 hoton Bohdan Khmelnytsky ne, ta 10 kuma Ivan Mazepa, dukkansu shugabannin Kosakawa.

Su a wajensu maganar ta wuce 'yan gudun hijira masu dawakai. A ƙarƙashin Polan talakan Yukren yana fama da masu gonaki 'yan Katolika, addininsa na Otodoks kuma ana ta matsa masa musamman bayan yarjejeniyar Brest ta 1596 da ta sa cocinsu ƙarƙashin Paparoma, to Kosakawa ne suka tsaya masa. Shugabansu Sahaidachny ne ya ba da kariya aka sake naɗa manyan limaman Otodoks a Kiyef a 1620, kuma shine ya kawo dubban mayaƙa suka taimaki Polan ɗin ta tare sojan Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Khotyn a 1621, amma duk da haka sarakunan Polan 'yan kaɗan suke yarda su sa a rajistar albashi, sauran ana so a mayar da su noma a gonakin manya. Wannan ne ya fashe a 1648 da Khmelnytsky ya yi tawaye, kuma abin da ya fito daga ciki ƙasa ce sosai mai shugaba da ake kira hetman, da baitulmali da kotuna da jakadu. A 1654 a Pereyaslav suka shiga ƙarƙashin kariyar sarkin Mosko, kuma har gobe a kan wannan taron ake faɗa, Rashawa na cewa 'yan uwa ne suka dawo gida, 'yan Yukren na cewa ƙawancen soja ne aka yi amfani da shi aka haɗiye su. Mazepa ya so ya ɓalle ya haɗa kai da sarkin Suwidin aka ci su a Poltava a 1709. Sarauniyar Rasha Katarina ta soke muƙamin hetman a 1764, a 1775 kuma ta tura soja suka rusa Sich gaba ɗaya. Shi ya sa ɗan Yukren ko da kakansa bai taɓa hawa doki ba zai ce maka shi jinin Kosak ne, nufinsa akwai lokacin da suka mulki kansu.

Dan_Maradi:
'Yar'uwa likita sannu da ƙoƙari, amma dan Allah kar mu ɗauki labarin da kowace gwamnati ke koya wa 'yan makarantarta mu haɗiye haka nan. Wannan tawayen na 1648 da kike faɗa, a cikinsa an yi wa Yahudawa kisan gilla gari bayan gari, dubbai suka mutu, kuma shi Khmelnytsky da Tatarawan Kirimiya ya haɗa kai, su kuma da zasu koma gida talakawan Yukren ɗin suka kwasa a matsayin bayi. Wannan ma tarihi ne.

Sannan na Don fa? Su basu taɓa zama cikin Yukren ba, da Mosko suke hulɗa tun zamanin Ivan na huɗu, ana aiko musu da albarushi da hatsi suna tsaron iyaka. Yermak Bakosake ne, shine ya ci sarkin Musulmi Kuchum wajen 1582 ya buɗe wa Rasha ƙofar Saberiya. Gaskiya ne manyan tawayen da suka girgiza Rasha ma su suka jagoranta, Razin a 1670, Bulavin a 1707, Pugachev a 1773, har ta kai bayan an kashe Pugachev sarauniya ta canza wa kogin Yaik suna zuwa Ural don a manta da abin. Amma daga nan fa sarauta ta gama da su, ta mayar da su wani aji na musamman, a baka fili mai yawa a yafe maka harajin kai, kai kuma ka zo aikin soja da dokinka da kayanka da ka saya da kuɗinka. Mutanen da kakanninsu suka gudu daga zalunci sai gashi su ake turawa da bulala su tarwatsa masu zanga-zanga a 1905. Abin da yafi min ciwo kuma shine Kaukasus, da su aka yaƙi Imam Shamil har ya miƙa wuya a 1859, kuma da aka kori Musulmin Sarkasiya daga ƙasarsu wajen 1864 ƙauyukan Kosakawa aka kafa a kan filayensu. Doguwar rigar nan mai jerin aljihunan harsashi a ƙirji da takobin da kuke gani a hoto ma daga wajen mutanen Kaukasus ɗin suka ɗauka. Ni a ganina ba ƙabila bace, dogaran sarki ne da aka ba ƙasa.

Bakatsine_92:
Nagode ƙwarai Malam, Yaya likita da Dan_Maradi. To amma yanzu in aka tambayi shi Bakosaken da kansa me zai ce shi ne? Kuma tunda Malam yace akwai Tatarawa tun farko, kenan akwai Musulmi a cikinsu?

Malamin_Tarihi:
Akwai sosai. Kafin juyin juya halin 1917 rundunoni 11 ne, jimillarsu da iyalansu wajen mutum miliyan 4 da rabi, kuma a cikin na Orenburg da Ural da Saberiya akwai Tatarawa Musulmi, a na Don akwai Kalmukawa mabiya addinin Budda, a can gabas kuma akwai Buryatawa. Bashkirawa Musulmi ma an yi musu tasu rundunar a kan irin wannan tsarin daga 1798 zuwa 1865, da kwari da baka suka shiga birnin Faris na Faransa a 1814. Wannan yana ƙarfafa maganar Dan_Maradi.

Sai dai ban yarda da shi duka ba. Mutanen da suka shafe shekaru ɗaruruwa suna auren juna, da ƙasarsu da waƙoƙinsu da karin harshensu, ba za ka ce musu ma'aikata kawai ba. Bakosaken Don na wancan zamanin in ka kira shi da sunan da ake kiran talakan Rasha manomi zagi ne a wajensa, kuma baƙin da suka zo suka zauna a ƙauyukansu ko sun haifi jikoki a nan ba su da rabo a filin gari. A 1918 har jamhuriya suka kafa a Don da Kuban. 'Yan kwaminis ma kallon jama'a guda suka yi musu, a ranar 24 ga Janairun 1919 suka fitar da umarnin murƙushe su, aka kashe na kashewa aka kori na kora.

Kuban ce tafi nuna wuyar tambayarka. Bayan rusa Sich, ragowar Kosakawan Zaporozhiya aka kwasa aka kai can a 1792, su suka kafa birnin da yanzu ake ce wa Krasnodar. A ƙidayar 1926 fiye da rabin mutanen yankin Kuban an rubuta su 'yan Yukren. Sai yunwar 1932 zuwa 1933 ta zo, aka rufe makarantun yaren Yukren a yankin, wasu ƙauyuka irin Poltavskaya aka kwashe mutanensu kaf aka kai arewa. Yau jikokinsu mafi yawa Rashawa suke kiran kansu alhali tsofaffinsu na magana da wani kari da ake ce wa balachka wanda daga yaren Yukren ya fito. A ƙidayar Rasha ta 2002 wajen mutum 140,000 suka rubuta Kosak a gurbin ƙabila, a 2010 suka ragu zuwa wajen 67,000, kuma gwamnati a cikin Rashawa take lissafa su. Waɗanda kake gani da kaki yanzu yawanci ƙungiyoyi ne masu rajista da gwamnati ƙarƙashin dokar 2005, kuma ba dole sai kakanka Bakosake ne zaka shiga ba.

Dan_Maradi:
Malam na karɓi maganar Kuban. Ƙari a kan tambayar ɗan'uwa, akwai ma waɗanda suka zaɓi zama ƙarƙashin sarkin Musulmi a kan su zauna da na Rasha. Hetman Doroshenko ya karɓi kariyar Sultan na Turkiyya a 1669, wasu daga cikin na Sich bayan 1775 sun koma bakin kogin Danube a ƙasar Sultan suka kafa sabon sansani da ya kai har 1828. Mabiyan Ignat Nekrasov kuwa da suka tsere daga Don bayan an murƙushe Bulavin, sun fara zama a ƙasar sarkin Kirimiya daga baya suka gangara cikin Turkiyya kusa da tafkin Manyas, suna riƙe da tsohon addininsu da yarensu, har suna fita yaƙi a ɓangaren Sultan. Sai a 1962 ne kusan mutum 1000 daga jikokinsu suka shiga jirgin ruwa suka koma Tarayyar Sobiyet, aka zaunar da su a yankin Stavropol.